AKWATIN KAYAN GYARA YA KULLE, MABUƊI YA ƁATA: YAYA ZA A YI?

Wannan darasi na direbobin tsofaffin manyan motoci ne, da yaran mota, da masu motar. Amma duk mai akwati, ko shago, ko rumbu mai kwado zai samu abin ɗauka a ciki. A karanta shi a hankali cikin aji. Bayan haka a amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

TSOFAFFIN MOTOCI

Manoma da yawa sun san kamiyo mai suna Berliet. A ƙasar Faransa aka ƙera shi, kusa da birnin Liyon. A shekarar 1959 da 1960 motocin Berliet sun ratsa hamadar Tenere. A 1978 gidan Berliet ya haɗe da wani gidan ƙera motoci mai suna Saviem. Daga 1980 aka daina sa sunan Berliet a goshin sababbin motoci, sai Renault. Ke nan Berliet ƙirar Faransa ya wuce shekara 40. Haka kuma Mercedes mai gajeren hanci, ƙirar Jamus. An fara yin sa a 1959.

Irin wannan mota ta bi hannu da yawa. Wannan ya saya, ya sayar wa wancan. Mabuɗan da ta zo da su sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa guda ɗaya tak ya rage.

A gefen motar, ƙarƙashin bodi, akwai akwatin ƙarfe. Cikinsa ake ajiye kirik, wato abin ɗaga mota, da ƙarfen kwance notin taya, da guduma, da igiya. Ran da taya ta fashe, wannan akwati shi ne gatan direba.

ABIN DA YA FARU A KAN HANYA

Ga misali. Wani direba ya yi lodin albasa a Galmi, zai kai Maraɗi. Ya wuce Madawa lafiya. Bai kai Gidan Rumji ba, sai tayar gaba ta fashe. Ya samu ya tsayar da mota a gefen hanya, kusa da wani ƙauye. Ya laluba aljihu, babu mabuɗin akwati. Ya faɗi wurin lodi.

Rana ta take. Albasa kuwa ba ta son zafi cikin buhu. In ta daɗe a rana sai ta fara ruɓa. Kayan na manoma ne, ba na direba ba. Amana ce aka ba shi.

Yaron mota ya ɗauko wani ƙaton dutse. Ya ce: "Maigida, bari in fasa shi, mu huta."

Direba ya ce: "Kai yaro, ajiye dutsen nan. Akwatin nan ya girme ka. In ka lanƙwashe murfinsa, a wace kasuwa za a samu irinsa? Dutsen ma yana da aiki. Sa shi ƙarƙashin tayar baya."

Yaro ya tokare tayoyi da duwatsu. Ya karyo rassa ya jera a hanya, gaba da baya, don motoci su gani tun daga nesa. Direba kuma ya kira mai mota a salula. Ya ce: "Alhaji, mabuɗin akwati ya ɓata, ga taya ta fashe. Ka yarda in buɗe?" Alhaji ya ce: "Na yarda. Amma a lallaɓa shi."

Kafin a ji yadda suka ƙare, sai a san yadda makulli yake aiki.

YADDA MAKULLI YAKE AIKI

Akwai iri biyu. Na farko shi ne kwado, wanda ake ratayawa a waje. Na biyu shi ne makulli na jikin murfi. Shi yana da harshe na ƙarfe daga ciki. In an juya mabuɗi, harshen ya juya ya saki bakin akwati.

Cikin kowannensu akwai ƴan ƙananan ƙarafa, kamar huɗu ko biyar. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Haƙoran mabuɗi ke ɗaga kowane zuwa daidai wurinsa. In duk sun daidaita, sai makulli ya juya. In ɗaya ya saura, ba zai juya ba. Shi ya sa mabuɗin wani ba ya buɗe ɗakin wani.

Amma tsufa yana cin waɗannan ƙarafa. Ƙurar hunturu tana shiga, ruwan damina yana kawo tsatsa. Tsohon makulli wani lokaci ya ƙi mabuɗinsa, wani lokaci kuma ya karɓi na wani.

DOKA TA FARKO: IZINI

Wanda ya buɗe akwatin da ba nasa ba, ba da sanin mai shi ba, sunansa ɓarawo, ko da bai ɗauki komi ba tukuna. A nemi izinin mai mota. In ba a same shi ba, a kira shaidu biyu, ko mai gari. A buɗe a gabansu, a ƙirga abin da ke ciki, a rubuta. In jandarma sun tsaya sun tambaya, a nuna musu takardun mota.

DOKA TA BIYU: A FARA DA ABIN DA BA YA ƁATA KOMI

Dabaru shida ne. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai ɓarna. Kada a tsallake zuwa ta shida alhali ba a gwada ta ɗaya ba.

1. A nemi mabuɗi sosai. A duba ƙarƙashin kujera, da aljihun mota, da jakar takardu. A tambayi wanda ya buɗe akwatin na ƙarshe. A taɓa murfin ma: wani lokaci ba a kulle yake ba, tsatsa ce ta riƙe shi.

2. A wanke makulli. A hure ƙura daga ramin. A ɗiga kananzir ko gazuwal, ɗigo biyu ko uku. A jira minti 10. A ɗan bubbuga gefen makullin da icce. Kada a zuba baƙin man inji: yana da kauri, yana tara ƙura.

3. A gwada sauran mabuɗan motar: na ƙofa, na tankin mai, na tada inji. A wasu motoci mabuɗi ɗaya ke buɗe wuri biyu. In akwai wata mota irinta, a roƙi direbanta ya gwada nasa. A goga bakin fensir a haƙoran mabuɗi, yana sa santsi. A juya da yatsa biyu kawai. In ya ƙi, a cire. Mabuɗin da ya karye cikin rami ya ƙara wahala a kan wahala.

4. A duba bayan murfi, inda yake juyawa. A nan akwai ƙarfe biyu da ke haɗe murfi da akwati. Wata doguwar ƙusa ce ta ratsa tsakiyarsu. Ƙusar tana da kai a gefe ɗaya. A ɗiga mata kananzir. A sa wata ƙusa siririya a gefen da ba kai, a buga da guduma a hankali, har ta fito. In an dandaƙe bakinta, a goge da magagari tukuna. Ƙusoshi suna fita, sai a jawo murfi daga wannan gefe. Harshen makulli zai zame da kansa. Ba a fasa komi ba.

5. In kwado ne, kuma ƙusoshin suna ɓoye daga ciki, a yanke wuyan kwadon da zarto na ƙarfe. Mutum ɗaya ya riƙe kwado da awartaki, ɗaya ya yanka. In wuyan ya fi ƙarfin zarto, a yanke ƙarfen da aka rataya kwadon a kai. Shi ya fi taushi, maƙeri kuma yana iya yin wani. A tuna: abin da ya fi araha shi ake yankewa.

6. In makulli na jikin murfi ne, kuma duk dabaru sun ƙare, sai a huda tsakiyarsa da injin huda ƙarfe. Wannan aikin mai gyaran mota ne. Makullin ya mutu ke nan, amma murfi da akwati sun tsira.

ABUBUWA UKU MASU HAƊARI

Wuta. A motoci da yawa akwatin yana kusa da tankin mai. Kada a kawo wutar walda, ko garwashi, ko taba. Tankin da babu mai da yawa a ciki ma yana da haɗari, don tururin mai ya cika shi.

Batir. Manyan motoci da yawa suna da batir biyu a gefe, kowane mai ƙarfin 12, a haɗe su zama 24. Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta. In ƙarfe ya taɓa kawunansa biyu a lokaci ɗaya, sai tartsatsi ya tashi. In za a yi aiki kusa da shi, a fara cire wayar da ke da alamar ragewa (–). Ita ce kuma ake mayarwa daga ƙarshe.

Rauni. Guntun ƙarfe yana tashi ya shiga ido. A kawar da fuska, a kori yara daga wurin. Wanda ƙarfe ya yanka, ya wanke da ruwa da sabulu, ya je likita. Akwai ciwon da ake kira tetanos, mai sandare jiki. Ta irin wannan rauni yake shiga, amma yana da allura.

YADDA DIREBA YA ƘARE

Direba ya ɗebo gazuwal kaɗan da tsinke, ya ɗiga. Ya gwada mabuɗin ƙofa, ya ƙi. Ya gwada na tanki, ya shiga amma bai juya ba. Bai matsa ba. Ya aiki yaro cikin ƙauye.

Yaro ya tarar da maƙeri a bakin zuga. Ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce: "Baba, maigidana yana roƙon aron guduma da ƙusa."

Maƙeri ya ce: "Ɗana, mu je in gani da idona."

Maƙeri ya duba bayan murfi. Ya sa ƙusa, ya buga. Ta sama ta fito, ta ƙasa ta biyo. Murfi ya zame a hannunsu. Ba a yi rabin awa ba. Suka ɗauko kirik, suka sa tayar ajiya. Aka mayar da kaya, aka ɗaure murfi da igiya. Direba ya yi wa maƙeri godiya, ya ba shi na goro. Albasa ta isa Maraɗi kafin magariba, manoma ba su yi asarar ko buhu ɗaya ba.

Washegari suka kwance notin da ke riƙe makulli daga ciki. Yaro ya goge shi da tsumma, sai ya ga lamba a jikinsa. Yaron yana zuwa makarantar yaƙi da jahilci in an sauka daga tafiya. Ya karanta lambar, ya rubuta a littafinsa. Suka kai makullin wurin mai yanke mabuɗi. Masu wannan sana'a suna iya yin sabon mabuɗi in an kawo musu makulli a hannu. Lamba kuma tana taimaka wa wanda ya san kan aikin. Aka yanke musu guda uku.

Direba ya dubi yaro ya ce: "Da ka sa dutse jiya, da yau muna wurin mai walda."

Yaro ya ce: "Gaskiya ne, Maigida. Sannu ba ta hana zuwa."

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai tsohuwar mota ya yi waɗannan abubuwa tun yau:

A yanke mabuɗi uku: ɗaya wurin direba, ɗaya wurin mai mota, ɗaya cikin jakar takardu.

A rubuta lambar makulli da ta mabuɗi a littafi. Kada a rubuta ta a jikin mota, inda kowa zai gani.

A ɗaura mabuɗi da zare mai ƙarfi a ɗamara. Aljihu yana hujewa.

A wanke makulli sau biyu a shekara: bayan damina, da bayan hunturu.

Kafin a bar tasha, a buɗe akwati a rufe sau ɗaya. Wanda ya yi haka zai san mabuɗi yana hannunsa tun yana cikin gari.

TAMBAYOYI

1. Mi ya sa direba ya hana yaro fasa akwati?
2. Wa ake neman izininsa kafin a buɗe? In ba ya nan, yaya ake yi?
3. A rubuta dabaru shida bi da bi.
4. Wace waya ake fara cirewa daga batir?
5. Ina amfanin karatun yaron mota a wannan labari?

LISSAFI

1. A ce yanke mabuɗi ɗaya dala 100 ne. Nawa ne kuɗin mabuɗi 3?
2. A ce gyaran murfin da aka fasa jika 5 ne. Jika ɗaya dala 200 ce. Dala nawa direba ya tsirar da ya yanke mabuɗi 3 maimakon gyaran murfi?
3. A ce mota ta ɗauko buhu 120 na manoma 8, kowa da kaso daidai. Buhu nawa ne na kowane manomi?