Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Injin Cricut da Waya

Malama mai tambaya ko injin yankan takarda da leda na Cricut zai haɗu da wayarta ba igiya: zai haɗu, ta Bluetooth. Ki kunna injin, kada wayar ta yi nisan da ya wuce mita 4, ki zaɓi sunansa a jerin Bluetooth. In an nemi lamba ki sa 0000, sannan ki buɗe manhajar Design Space. Wasu na cewa igiyar USB ta fi aminci, kuma suna da hujja inda Wi-Fi ya yi yawa, domin Wi-Fi da Bluetooth duka suna bin zangon 2.4 GHz. Sai dai igiyar ta kwamfuta ce, kuma ƙaramin Cricut Joy ba shi da ramin USB sam. Tunda da waya kike aiki, Bluetooth ce hanyarki.