Abin da Ke Sa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Zafi, da Yadda Ake Gyara Ta

Furosesar kwamfutar tafi-da-gidanka tana fitar da zafi muddin tana aiki, kuma abubuwa uku ne ke raba ta da shi: man sanyaya, bututun jan ƙarfe da fanka. Man yana zama tsakanin bayan furosesa da farantin da ke danne ta, ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, domin iskar da ke maƙalewa a cikinsu ba ta bari zafi ya wuce. Shi kuma bututun, cikinsa rami ne da aka liƙe da ɗan ruwa. Ruwan yakan zama tururi a gefen furosesa, ya tafi ɗaya bakin inda siraran faranti suke a jere, fanka ta hura musu iska, ya huce ya dawo.

A Keffi, yanayi ba ya raga wa wannan tsari. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana taruwa a bakin siraran farantan har ta dunƙule kamar auduga, sannan zafin Maris da Afrilu ya tarar da hanyar iska a toshe. Ga shi yawancin kwamfutocin da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa ke kawowa gyara tokumbo ne, sun yi shekaru suna aiki a waje, mansu ya bushe ya tsattsage. A kan katifa ake ɗora su a ɗakin kwana, katifar ta rufe ramukan shan iska na ƙasa.

Alamomin sanannu ne: fanka ta yi ta ƙara, aiki ya yi nauyi, wani lokaci kwamfutar ta mutu da kanta. Idan zafi ya kusa digiri 100, furosesa tana rage gudu don kada ta ƙone. Mai kwamfutar kuwa sai ya ce bairos ne, a sake mata Windows, kuɗi su tafi matsala tana nan. Manhajar HWMonitor ko Core Temp tana nuna zafin cikin minti kaɗan, kuma da wannan awon ya kamata a fara.

Wajen gyara, ana kashe kwamfutar, a zare caja, a buɗe bayanta, a cire wayar batir kafin a taɓa komai. Sukurorin da ke riƙe farantin galibi suna da lambobi a gefensu. Ana sassauta su kaɗan-kaɗan, bi da bi, don kada nauyi ya taru a kusurwa ɗaya ya fasa furosesa. Ana goge tsohon man da sinadarin isopropyl da ƙyalle marar gashi. Lokacin hure ƙura a riƙe fankar da yatsa, domin juyi da ƙarfin iska yana lalata ta.

Sabon mai kamar ƙwayar shinkafa ya isa, sai dai idan furosesar doguwa ce, a ja siririn layi. Mai irin Arctic MX-4 ba ya ɗaukar lantarki, shi ya sa ya fi aminci ga sabon hannu. Man goge baki da wasu ke shafawa ɓarna ce kawai, yana bushewa cikin kwanaki. Katifun roba masu laushi da ke kan wasu sassa kusa da furosesa ba datti ba ne. A bar su, in sun yage a sa masu kaurinsu. Sannan a mayar da sukurori bisa lambobinsu, kuma idan an sake ɗaga farantin, dole a goge a sa sabon mai.

Canza bututun gaba ɗaya ba kullum ake buƙata ba, ko da yake ana yawan gaggawar yanke wannan hukunci. Yana wajaba ne idan ya lanƙwashe, ya huje, ko kuma an sa sabon mai amma gefen furosesa yana ƙuna alhali bakin fanka na fitar da iska mai sanyi. Wannan na nuna ruwan ciki ya tsere. Bututun kowane samfuri da siffarsa, don haka da lambar kwamfutar ake nemansa, sau da yawa a Banex Plaza da ke Wuse a Abuja. Bayan an ɗaura, a kunna ta, a ba ta aiki mai nauyi na kusan minti 15, a gwada sabon awo da na farko kafin a miƙa wa mai ita.