Darasin Mako: Juyen Man Injin Iskar Masu Faci

Wasunmu na koyon faci a bakin titin Rano zuwa Kibiya bayan an tashi daga makaranta. Injin iska wuri biyu yake shan mai: injin fetur da kan famfon da ke matse iskar. Na famfon ake mantawa, har ya ƙone, a rasa abin sana'a.

Kullum kafin a tayar, mu duba gilashin awo, man ya tsaya tsakiya. In ya yi baƙi ko launin madara, sai juye. Mu kashe inji, mu saki iskar tanki, mu kwance notin ƙasa tun man na da ɗumi, ya tsiyaye, mu ɗaure, mu zuba sabo. Da ƙurar hunturu, kada ya wuce wata 3.