Amsoshin Tambayoyinku: Cutar Zika da Mai Juna Biyu

Tambaya: Ina da ciki wata biyu, maigidana kuma yana karatu a Brazil, ya kusa zuwa hutu. Na ji an ce akwai wata cuta a can mai sa a haifi jariri da ƙaramin kai. Shin za ta iya kama ni, ni da ban taka ƙasar ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Sunan cutar Zika, kuma tana iya samun ki ko kina gida, domin manyan hanyoyin da take bi biyu ne: cizon sauro da kwanciyar aure.

An fara gano ƙwayar cutar a 1947 a jikin wani biri a dajin Zika na ƙasar Uganda. Ba a ɗauke ta da zafi ba sai 2015, lokacin da likitoci a arewa maso gabashin Brazil suka ga jarirai masu ƙananan kawuna sun yawaita. A Fabrairun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Annobar ta lafa, amma cutar ba ta ƙare ba.

Akasarin waɗanda suka kamu ba sa jin komai. Wasu kan yi ɗan zazzaɓi, ƙuraje, jan ido da ciwon gaɓoɓi na kwana 2 zuwa 7. Don haka maigida na iya dawowa garau alhali ƙwayar tana cikin maniyyinsa, inda takan daɗe fiye da cikin jini. Shawarar hukumar ita ce namijin da ya dawo daga inda cutar take ya yi amfani da kwaroron roba na wata 3. Idan kuwa matarsa na da ciki, su ci gaba da haka, ko su haƙura, har ta haihu.

Haɗarin ya fi yawa a watanni ukun farko, lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa, kuma nan kike yanzu. Ƙwayar takan ratsa mabiyiya ta lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai kai ya kasa girma. Tana kuma jawo matsalar gani da ji, farfaɗiya, sandarewar gaɓoɓi, ɓari ko haihuwar bakwaini. Amma ki kwantar da hankali: ƙiyasin hukumar shi ne kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na jariran matan da suka kamu suna da ciki ne ke samun matsala.

Sauron da ke yaɗa ta, mai suna Aedes, akwai shi a ƙasarmu, shi ne mai kawo zazzaɓin shawara. Da rana yake cizo, musamman da safe da la'asar, saboda haka gidan sauron dare kaɗai bai wadatar ba. Idan ya ciji maigida a makonnin farko, yana iya kai cutar ga wani a gidan. Ku duka ku riƙa sa sutura mai rufe jiki, ku shafa maganin korar sauro, a rufe randa da duro, a zubar da ruwan tsofaffin tayoyi da gwangwanaye.

Har yanzu babu allurar rigakafi, babu maganin warkarwa. Idan kin je awo, ki gaya wa ma'aikatan jinya ƙasar da maigida ya fito, domin su riƙa duba girman kan jaririn a hoton ciki. Idan zazzaɓi ko ƙuraje suka fito miki, kada ki sha asfirin, ki garzaya asibiti a ranar.