Alƙali ya hana shaidun ɗana magana kafin yanke hukunci, akwai mafita?

Tambaya: An samu ɗana da laifin mallakar tabar wiwi a Babbar Kotun Tarayya. Ranar yanke hukunci mun kawo limamin unguwarmu da maigidansa a sana'ar walda domin su shaidi halinsa, alƙali ya ƙi sauraronsu. Me za mu yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Akwai hanya, amma kada a yi sanyin jiki.

Sashe na 310 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce idan an samu mutum da laifi, kotu ta tambaye shi ko yana da shaidun hali, idan bai kira su a baya ba, sannan ta saurari roƙonsa na sassauci. Hana shi wannan dama hujja ce ta ɗaukaka ƙara.

Kuna da kwana 90 daga ranar hukunci ku shigar da sanarwa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan wa'adin ya wuce, sai lauya ya nemi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi.

Ku fara karɓo kwafin bayanan zaman kotu mai hatimi. Alƙalai abin da ke rubuce suke dubawa: shin lauyansa ya nemi kiran shaidun, an kuma rubuta ƙin amincewar?

Ki sani, wannan hujja yawanci tsawon ɗaurin take shafa, samun laifin na nan. Idan kuɗin lauya ya gagara, ku je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a na jiharku a makon nan.