Gano Musabbabin Tsayawar Manhaja Yayin Aiki

1.0 Gabatarwa
Harsunan kwamfuta, irin su Python da Ada, suna da nahawunsu kamar harshen ɗan'adam. Sai dai umarni yakan bi ƙa'idar nahawu sarai, amma manhaja ta tsaya cak bayan ta fara aiki, misali idan aka ce ta raba lamba da sifiri.

2.0 Matakan Bincike
i. A maimaita abin da ya jawo tsayawar har ta sake aukuwa.
ii. A karanta rahoton kuskure. A Python, layin ƙarshe ne ke faɗin nau'in kuskuren, na samansa kuma su nuna wurinsa.
iii. A duba bayanan da manhajar ta karɓa a wannan wuri.
iv. A gyara abu ɗaya, sannan a sake gwadawa.

3.0 Misali
A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Bincike ya nuna manhajarta, wadda aka rubuta da Ada, ta nemi cusa lamba mai gurbi 64 cikin mazubi mai gurbi 16, lambar kuwa ta fi ƙarfin mazubin.

4.0 Auna Fahimta
Bambanta kuskuren nahawu da kuskuren lokacin aiki, tare da misalai.