Sarki Zadakiya da Littafin Mormon: Me Shaidun Tarihi Suka Ce?

Karatu: 2 Sarakuna 24:8 zuwa 25:7, Irmiya 38:1-13, 39:1-7
Ayar haddacewa: 1 Tasalonikawa 5:21

Gabatarwa

Yau 'ya'yanmu na Abbaganaram da sauran unguwannin Maiduguri suna fita zuwa Abuja, Legas da Aba domin karatu, ko bautar ƙasa, ko neman abinci. A can, ko kuwa a cikin wayar hannu, sukan gamu da masu wa'azi masu ladabi, riƙe da wani littafi da suke cewa shaida ce ta biyu game da Yesu. Waɗannan su ne 'yan Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, waɗanda aka fi sani da suna Mormon. 'Yan mishan ɗinsu sun kafa aiki a Nijeriya a watan Nuwamba na 1978, suka fara yin baftisma a jihar Imo, a 2005 kuma suka keɓe haikalinsu na Aba.

Littafinsu ya fito a Amurka a shekara ta 1830. Joseph Smith ya ce ya fassaro shi ne daga wasu allunan zinariya da mala'ika ya nuna masa, daga baya mala'ikan ya karɓe su. Mutum 11 sun sa hannu cewa sun ga allunan, amma yau babu inda mai bincike zai je ya duba su. To, yaya iyali Kirista za su auna wannan littafi? Akwai hanya, gama littafin da kansa ya ɗaura labarinsa a jikin wani sarki da tarihi ya san shi sarai, wato Zadakiya, sarkin Yahuza na ƙarshe.

1. Yadda ake tabbatar da labarin sarakuna

Mu mutanen ƙasar Barno wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Akwai Girgam, wato jerin sunayen sarakunan Kanem da Barno, wanda Bajamushe Heinrich Barth ya sami kwafinsa a Kukawa a 1851. Masana ba su karɓe shi ido rufe ba. Sun gwada shi da rubuce-rubucen wasu ƙasashe, kamar wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen shekara ta 1391, wadda wani marubucin Masar, Alƙalƙashandi, ya adana. Idan na gida ya faɗi magana, baƙon da ba shi da riba a ciki ya faɗi irinta, sai maganar ta tsaya da ƙafafunta. Haka Shari'ar Musa ta koyar, cewa da bakin shaidu biyu ko uku ake tabbatar da zance (Maimaitawar Shari'a 19:15).

2. Shaidun zamanin Zadakiya

Sarakunan Yahuza na ƙarshe suna da irin waɗannan shaidu da yawa.

Na farko, allon yumɓu na tarihin Babila, wanda yake gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, masani D. J. Wiseman kuma ya wallafa shi a 1956. Allon ya ce a shekara ta bakwai ta mulkinsa Nebukadnezzar ya ci birnin Yahuza ran 2 ga watan Adar, ya kama sarkinta, ya naɗa wanda ya ga dama, ya kwashi haraji mai yawa. Wannan rana ta yi daidai da 16 ga Maris, shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Allon bai ambaci sunayen sarakunan ba, amma 2 Sarakuna 24:12-17 ya ambata: wanda aka kama Yekoniya ne, wanda aka naɗa kuwa Zadakiya.

Na biyu, allunan rabon abinci da aka tono a fadar Babila, aka wallafa a 1939. A ciki an rubuta rabon mai da ake ba Yekoniya sarkin ƙasar Yahuza da 'ya'ya biyar na sarki. Ashe magatakardan Babila ma sun san shi a matsayin sarki kamamme.

Na uku, wasiƙun Lakish da aka samu a 1935, rubutattu a kan katangar tukwane. A cikin ɗaya wani hafsa yana sanar da shugabansa cewa suna zuba ido ga alamun Lakish, domin ba su ganin Azeka. Irmiya 34:7 ya nuna waɗannan garuruwa biyu ne masu garu da suka rage wa Yahuza a lokacin yaƙin.

Na huɗu, tambarin hatimi guda biyu da Eilat Mazar ta tono a Urushalima a 2005 da 2008, ɗauke da sunayen Yehukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur. Dukansu biyu suna cikin fadawan Zadakiya da suka nemi a kashe annabi Irmiya (Irmiya 38:1-4).

Waɗannan abubuwa ba su ne tushen bangaskiyarmu ba. Amma sun nuna cewa labarin Littafi Mai Tsarki ya faru ne a fili, a gaban abokai da magabta.

3. Abin da Littafin Mormon ya faɗa

Littafin ya ce wani annabi mai suna Lihai ya bar Urushalima da iyalinsa a shekarar farko ta mulkin Zadakiya, daga baya suka haye teku zuwa ƙasar da Mormon suke ɗauka nahiyar Amurka ce (1 Nifai 1:4, da gabatarwar 3 Nifai). Ya ce daga fitowarsu zuwa haihuwar Almasihu shekara 600 ce (1 Nifai 10:4, 3 Nifai 1:1). Ya kuma ce wani ɗan Zadakiya mai suna Mulek ya tsira daga kisa, shi ma ya isa can (Helaman 6:10, 8:21). Bari mu auna waɗannan da'awa ɗaya bayan ɗaya.

Awo na farko: lissafin shekaru. Zadakiya ya hau gadon sarauta a 597 K.H. An haifi Yesu tun Hirudus yana da rai (Matiyu 2:1), yawancin masana tarihi kuwa sun yarda Hirudus ya mutu a shekara ta 4 K.H. Saboda haka tsakanin abubuwan nan biyu bai wuce shekara 593 ba. Akwai giɓin shekara bakwai ko fiye. Malaman Mormon sun san wannan, sun kuma ba da amsoshi. Wasu sun ce shekarar mutanen Lihai kwana 360 ce, a kan haka lissafin yakan zo kusa. Wasu sun jawo tafiyar baya zuwa 605 K.H., wasu sun tura ta gaba zuwa wajen 587 K.H. suna ƙirga shekarar wata. Sai mu lura cewa amsoshin nan suna karo da juna, littafin kuma bai faɗi tsawon shekarar da ya yi amfani da ita ba. Biyu daga cikinsu ma sai sun kauce wa maganar littafin cewa a shekarar farko ta Zadakiya aka fita.

Awo na biyu: halin da birnin yake ciki. Bisa ga 2 Sarakuna 24:13-16, gab da naɗin Zadakiya an kwashe dukiyar Haikali da ta fada, an kwashi mutum 10,000 zuwa bauta, har da jarumawa da masu sana'a da maƙera, aka bar talakawan ƙasa. Birni ne da bai daɗe da shan kashi ba. Amma farkon Littafin Mormon bai ambaci wannan masifa ba ko kaɗan. Yana maganar kwasar mutane zuwa Babila kamar abin da bai taɓa faruwa ba (1 Nifai 1:13), manyan 'ya'yan Lihai kuma ba su gaskata za a iya hallaka babban birnin ba (1 Nifai 2:13). Gaskiya ne akwai masu fahariyar banza a zamanin, kamar Hananiya annabin ƙarya. Sai dai ko shi Hananiya, maganarsa a kan komowar kamammu da kayan Haikali take (Irmiya 28:1-4), domin abin yana bakin kowa. Mutumin da ya ga rundunar Babila a ƙofar garinsu 'yan watanni da suka wuce, da wuya ya rubuta labarin shekarar ya tsallake wannan.

Awo na uku: batun Mulek. Sau uku Littafi Mai Tsarki ya faɗa cewa an kashe 'ya'yan Zadakiya maza a gaban idonsa a Ribla, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu (2 Sarakuna 25:7, Irmiya 39:6-7, 52:10-11). Mormon sukan ce nassin bai ce an kashe su duka ba. Haka ne, kalmar ba ta wurin. Amma littafin Irmiya bai yi sakaci da waɗanda suka tsira daga gidan sarauta ba: ya faɗi yadda aka bar 'ya'yan sarki mata a Mizfa, da yadda aka tafi da su Masar (Irmiya 41:10, 43:6-7). Game da ɗa namiji, magajin kursiyin Dawuda, bai ce kome ba.

Wasu malamansu suna cewa Mulek shi ne Malkiya ɗan sarki, mai rijiyar da aka jefa Irmiya a ciki (Irmiya 38:6), suna kuma nuna wani hatimi mai wannan suna da aka wallafa a 1997. Abu uku za mu riƙe a nan. Hatimin ta hannun 'yan kasuwar kayan tarihi ya fito, ba a san ramin da aka tono shi ba. Laƙabin ɗan sarki kuma ana ba wasu 'yan gidan sarauta masu riƙe da muƙami, kamar Yowash (1 Sarakuna 22:26) da Yerameyel (Irmiya 36:26), ba lalle Malkiya ya zama ɗan cikin Zadakiya ba, wanda shekarunsa wajen 32 ne kawai sa'ad da birnin ya faɗi. Na uku, ko da hatimin na gaske ne, abin da ya shaida shi ne akwai Malkiya a Yahuza. Bai ce ya haye teku ba.

4. Inda shaidu suka yi shiru

Ambaton sunan sarki na gaskiya ba ya mai da labari gaskiya. Kowa zai iya shirya labari ya sa sunan Mai Idris Aloma a ciki. Sunan Zadakiya da na Irmiya suna cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci da yake hannun jama'a a zamanin Joseph Smith. Gwaji na ainihi yana wurin abin da Littafin Mormon kaɗai ya kawo. Ya ambaci sarakuna irin su Biliyaminu da Mosiya, da babban birni mai suna Zarahemla, cikin tarihi na wajen shekara 1,000. Har yau ba a sami rubutu ko hatimi a nahiyar Amurka mai ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu wanda masana tarihi suka amince da shi ba, alhali an karanta rubutun mutanen Maya na dā, an san sunayen sarakunansu da shekarun mulkinsu. Rashin samun abu ba ya nuna lalle babu shi. Amma wanda ya kawo sabon nassi, a wuyansa nauyin kawo shaida yake.

Idan aka zo nan, masu wa'azin sukan ce a yi addu'a a ji tabbaci a zuci (Moronai 10:4). Addu'a wajibi ce, amma Allah bai hana mu bincike ba. An yabi mutanen Biriya domin kowace rana suna bin Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). Yahaya ya gargaɗe mu mu gwada ruhohi (1 Yahaya 4:1), Bulus kuma ya ce ko mala'ika ne ya kawo wata bishara dabam, kada a karɓa (Galatiyawa 1:8).

Kammalawa

Iyaye, kada mu koya wa 'ya'yanmu zagi ko raini. Yawancin 'yan Mormon mutane ne masu kamun kai, masu son iyali, da zuciya ɗaya kuma suke wa'azinsu. Mu da muka san zafin tsanani saboda addini a wannan gari, bai kamata a ji baƙar magana daga bakinmu ba. Abin da ya wajaba shi ne yaro ya bar gida da sanin Littafinsa, ya iya tambaya cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15): ina shaida ta biyu? Wanda ya san asalin kaya, ba a sayar masa da jabu a kasuwa.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Waɗanne shaidu huɗu na waje ne suka goyi bayan labarin zamanin Zadakiya?
2. Me ya sa shekara ta 597 K.H. take da muhimmanci a wannan bincike?
3. Hatimin Malkiya, me ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba?
4. Idan wani ya ce ka dogara ga abin da ka ji a zuciyarka kaɗai, da wane nassi za ka amsa masa?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba iyalanmu hikimar rarrabe gaskiya, da ƙaunar faɗinta cikin salama, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.